Ki Yi Abin da Inna Ta Yi

Kesennuma, 12 ga Mayu, 2003

Ƙanena Shigeharu,

Gaisuwa mai yawa daga gida. Sanyi ya sake mu, furannin bakin kogi har sun zube. Ina fata teku na yi muku sauƙi, tarin nan naka kuma ya tafi. Ni lafiya lau, ban da gwiwar hagu da ke tuna mini shekaruna duk safiya. 'Yarka Kazuha tana nan ƙalau, ta cika sha huɗu, ta kusa kama ni tsawo. Ranar cikar shekara huɗu da rasuwar mahaifiyarta mun je kabari, ita ta wanke dutsen da hannunta.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. An kawo sabuwar malamar motsa jiki makarantarsu, Malama Oikawa. Ta zo da wani abu da ban taɓa gani ba. A watan Oktoba makarantu tara na gundumarmu za su yi tseren miƙa ɗamara, irin wanda kuka yi kuna yara, mai gudu ya rataya ɗamara a kafaɗa ya kai wa na gaba. Amma wannan mutum biyu-biyu ake yi. Ana ɗauko yaro ɗaya daga ƙaramin aji, na masu jinkirin fahimta irin su Kazuha, a haɗa shi da ɗaya daga sauran azuzuwa. Tare za su tashi, kuma ba a karɓar ɗamara sai sun iso tare.

An haɗa Kazuha da wata yarinya, Natsume, 'yar gidan masu wankin kaya na kan tudu. Kullum da yamma suna fili. Shinkafa kwano biyu Kazuha take cinyewa yanzu, kifi kuwa sai na ɓoye nawa.

Akwai takardar da uba zai buga wa hatimi kafin ƙarshen Agusta. Hatiminka na cikin akwatin nan, amma ba zan taɓa ba sai ka ce. Ranar Alhamis na leƙa filin a hanyata ta dawowa daga wurin gyaran kifi. Ina tsaye Kazuha ta faɗi, filin duka ya kwashe da dariya, har da malamai. Takarda ta ƙare, mai kai wasiƙu ofishin kamfaninku kuma yana jira a ƙofa. Ka kula da kanka.

Yayarka,
Tomie

*

Las Palmas, 29 ga Yuni

Yaya,

Na gaishe ki. Wasiƙarki ta yi mako shida a ofishin wakili kafin mu shigo tashar nan gyaran inji. Tari ya tafi. Ki riƙa ɗumama gwiwar, ki daina ɗaukar akwatin kifi ke kaɗai.

Kada ki buga hatimin. Ki cire ta daga gudun nan tun yau.

Na karanta ƙarshen wasiƙarki ya fi sau goma. Ta faɗi, fili ya yi dariya, har da malamai, ke kuma kina tsaye kina kallo, kika rubuto mini kamar labarin farashin kabeji. Yaya, kin manta da Isamu ne?

Ni ban manta ba. Ina ɗan shekara sha ɗaya, ranar wasannin makarantarmu. Yayana Isamu yana sha huɗu, shekarun Kazuha na yau. Ba a ɗaukar masu jinkirin fahimta irinsa a makaranta a lokacin, kallo kawai Inna ta kawo shi. Da ya hango ni ina gudu sai ya ɓalle ya faɗo fili, da takalmin katako, yana kiran sunana, ya bi da'irar ta baibai. Kin san ƙarar dariyar mutum ɗari biyar? Ni na sani. Injin jirgin nan ba ya kai ta. Yaron da ke kusa da ni ya ce, “Kai, wancan ba ɗan gidanku ba ne?” Na ce ban san shi ba.

Masu shirya irin wannan abu suna da kirki, na yarda. Za a tafa, a ɗauki hoto, shugaban makaranta ya yi jawabi a kan zumunci. Yarinyar da aka haɗa su kuma za a rubuta mata a takardar shaida cewa tana da tausayi. Kazuha fa, me za ta samu? Ta zama abin da ake koyon tausayi a kansa. Ban bar ta a hannunki don a yi baje-kolinta ba.

Ki yafe mini zafin magana. Jibi za mu koma teku, sai jirgin da ke kawo mana mai ya zo da wasiƙu. Na aiko mata da hula, ki ce Baba yana gaishe ta.

Shigeharu

*

Kesennuma, 21 ga Yuli

Shigeharu,

Ina gaishe ka. Damina ta ɗauke, zafi ya sauka. Jikinmu lafiya. Hula ta iso, ta gode.

Na bi maganarka, kai ne uba. Na je na gaya wa Malama Oikawa. Ba ta yi gardama ba, ta dai ce takardar za ta zauna a teburinta har ƙarshen Agusta.

Amma dariyar nan, laifin alƙalamina ne. Ba Kazuha aka yi wa ba. Natsume ce ta taka igiyar takalminta ta kifa, ta jawo Kazuha suka zube tare. Kazuha ta miƙe, ta kama ƙugu, ta ce, “Wa ya ce ki fito ba ki ɗaure takalmi ba? Gidanku babu manya ne?” Da muryata, Shigeharu, har da yadda nake karkata kai. Rabin malaman nan sun san ni a kasuwa. Ni aka yi wa dariya, ni ma na dara har da hawaye.

Tun da na cire ta, ƙarfe huɗu na yi sai ta sa takalmi ta zauna a dakalin ƙofa. Ba ta kuka. Ta tambaye ni sau ɗaya, “Goggo, na yi laifi ne?” Na ce a'a, Baba ne yake tsoron kada ki ji ciwo. Ta ɗaga gwiwarta ta nuna mini, ta ce, “Ai ya warke.”

Ranar Asabar Natsume ta zo. Siririya ce, gashi ya rufe mata ido, ba ta iya gaisuwa ba ma. Na kawo shayin sha'ir mai sanyi, ba ta taɓa ba.

Ta ce, “Goggo, ni me na yi muku?”

Na ce ba ki yi komai ba, 'yata, za a ba ki wata abokiyar gudu.

Ta ce, “Wa zai ba ni? Ni fa ba a zaɓe ni don na iya gudu ba. Duk ajinmu ni ce ta baya.”

Ashe yarinyar nan ta yi wata takwas ba ta taka makaranta ba. Wasu 'yan ajinsu ne suka daina yi mata magana, gaba ɗaya, kamar ba ta nan, sai ta kulle kanta a ɗaki. Malama Oikawa ta lallaɓa ta ta fito gudu kawai, ba aji ba. Kazuha kuma, da aka ce mata ga abokiyarki, sai ta ɗauki abin da gaske. Kullum bakwai da rabi tana ƙofar gidansu tana danna ƙararrawa. Ni a zatona da wuri take son isa makaranta.

Natsume ta ce, “Ba ta san a ce mata a'a ba. In ban fito ba sai ta yi ta dannawa har maƙwabta su leƙo. Kunya ce ta sa na fara fita.” Sannan ta ƙara da cewa, “Yau kwana goma sha biyu ba ta danna ba.”

Kazuha na bayan ƙofa tana ji. Ta leƙo ta ce, “Baba ya hana.” Natsume ta ce, “Babanki yana Afirka, shashasha, ina zai gani?” Kazuha ta ce, “Ke ce shashasha, kunkuru.” Suka cinye mini kankana guda.

Ban san wanda ke koyon tausayi a kan wani ba a cikinsu. Ka sake tunani. In wannan ta same ka a teku, ka roƙi mai rediyonku ya aiko da amsa ta ofishin kamfani, ko layi ɗaya ne.

Tomie

*

Saƙo ta ofishin kamfani, 26 ga Agusta

Yaya, na karanta. Ki yi abin da Inna ta yi. Shigeharu.

*

Kesennuma, 1 ga Satumba

Shigeharu,

Muna lafiya. Fiye da haka ba zan iya gaishe ka ba yau.

Mako biyar ina jira, abin da ka aiko ke nan. In yi abin da Inna ta yi. Kai ka bar gida kana sha biyar, ka hau jirgi, saboda haka bari in gaya maka abin da Inna ta yi. Bayan ranar wasannin nan ta sa aka kafa sakata a ɗakin baya, ta waje. In baƙi za su zo, a tura Isamu ciki. In akwai biki a gari, a tura shi ciki. Daga baya ma ba sai da dalili ba. Wa kake tsammani yake zura sakatar? Inna tana wurin shanyar ciyawar teku tun asuba. Ni ce. Shekara shida ina zura ta. Yakan ce, “Yaya, zan yi shiru,” yana tsammanin don surutu ne. Ya rasu yana da ashirin, bai sake ganin filin makaranta ba, tashar jirgin da ke ƙasan gidanmu ma bai sake gani ba.

Na ƙi aure sau biyu, mutane suka ce girman kai ne. Ba na son in haifi wanda zan kulle, shi ke nan.

Ba zan sake yi ba, ko don kai. Ban taɓa hatiminka ba, yana inda ka bar shi. Nawa na buga, sunan gidanmu ɗaya ne, kuma na gaya wa malamar gaskiya cewa hannun goggo ne ba na uba ba. Ta kai wa shugaban makaranta, ya ce tunda ni ke riƙon yarinyar ya karɓa.

Kazuha ta koma fili yau. In ka sauka ka ga dama ka ɗauke ta daga hannuna, wannan ikonka ne. Amma ranar sha tara ga Oktoba za ta yi gudu.

Tomie

*

Cape Town, 3 ga Oktoba

Yaya,

Na durƙusa na gaishe ki. Mun shigo sauke kifi, lafiyata ƙalau. Wasiƙarki na buɗe tun a kan matakalar jirgi, na zauna a nan na kasa tashi har wani ya ce in ba shi hanya.

Ba sakata nake nufi ba. Mai rediyo ya ce in taƙaita, ni kuma na ɗauka kin sani. Sai yanzu na tuna ba ki je filin ba ranar, kina aiki a masana'antar gwangwani, kuma babu wanda ya sake ta da zancen a gida.

Da Isamu ya faɗo fili, malamai biyu suka taso za su kama shi. Inna ta riga su. Ta tuɓe takalmanta ta bar su a kan tabarma, ta shiga da safa. Kowa ya ɗauka janye shi za ta yi. Ba ta janye shi ba. Ta kama hannunsa suka ci gaba da gudu, ta baibai ɗin nan da ya ɗauka, har suka zagaye filin suka dawo inda ya fara. Ba a daina dariya ba, kada ki ce labari nake gyarawa. Ta dawo ta zauna, ta buɗe akwatin abinci, ta ba shi dunƙulen shinkafa, ta ɗaga ido tana nemana. Ina bayan ɗakin ajiye kaya ina leƙe. Ban fito ba.

Abin da na ce ki yi ke nan. Ki bar ta ta yi gudun, ki kuma kasance a wurin.

Sakatar kuwa, na san da ita, amma ban san hannunki ne ba. Ban tambaya ba, don ba na son in sani. Na ji daren da Babanmu ya ce ba zai sake shiga kasuwar kifi a nuna shi da baki ba. Mace ɗaya ce ta yi gudun nan, ita ce kuma ta kira kafinta ya kafa sakatar. Na riƙe rabin labarin kin riƙe rabi, shekara talatin da shida. Naki ya fi nauyi, kuma ni na gudu na bar miki.

Da na hana Kazuha, na ce don ita ne. Yanzu ina ganin yaron nan na bayan ɗakin ajiya ne ya rubuto miki daga Las Palmas.

Ba zan ɗauke ta daga hannunki ba. Ina zan kai ta da ya fi? Ki rubuto mini yadda aka yi, duka, har da abin da ba zan so ji ba.

Ƙanenki,
Shigeharu

*

Kesennuma, 22 ga Oktoba

Ƙanena,

Gaisuwa. Ganyen tsaunuka ya fara ja, kifin sanma ya cika kasuwa, mai ƙiba bana. Gwiwa da sauƙi. Wasiƙarka ta iso saura kwana biyu tsere. Na karanta ta a gaban hoton Inna, na kunna mata turare, na daɗe ina kallonta. Ban gama shiryawa da ita ba, amma na fara. Kai kuma na yafe, kai ma ka yafe mini.

Ka ce in faɗa duka. An yi a hanyar bakin teku, kowane zango kilomita ɗaya da rabi, su Kazuha ne zango na uku cikin huɗu. Da Natsume ta ga taron, har da 'yan ajinsu a bakin hanya, sai fuskarta ta yi fari, ta tsuguna bayan motar makaranta ta yi amai. Ta ce ba za ta iya ba. Malama na lallashi, Kazuha ta miƙa mata ruwa ta ce, “Kada ki kalli mutane. Ki kalli lambar bayana.”

Aka kawo musu ɗamara suna na huɗu. Sun tashi da kyau. Amma 'yarka, da ta ga na uku a gabanta, sai ta manta da komai. Ta wuce su, ta iso wurin miƙawa ita kaɗai, Natsume na can baya ta riƙe ciki. Ta miƙa ɗamara, alƙali ya ce sai su biyu. Ta sake miƙawa, ya girgiza kai. Sai ta juya tana buga ƙafa tana ihu, “Natsume! Kunkuru! Ki zo mana!”

An yi dariya. Yawanci irin ta jin daɗi ce. Amma wani mutum kusa da ni, babba da shi, ya kwaikwayi muryarta yana karkata baki don abokinsa ya dara. Tsoronka ba ƙarya ba ne, irinsu suna nan. Na taɓa hannun rigarsa na ce, “Malam, 'yar gidanmu ce. Sunanta Kazuha, in kana son ka kira ta.” Ya sunkuyar da kai ya matsa. Ban san ko ya ji kunya ba ne ko wuri kawai ya canza.

Ina juyowa na ga ta koma. Da gudu ta koma baya, ta je ta tsaya gefen Natsume, ba ta ja ta ba, ta dai daidaita ƙafa da ita tana ƙirga mata, ɗaya biyu, ɗaya biyu, yadda malama ta koya musu. Makarantu biyu suka wuce su. Suka iso tare, aka karɓa. Wasu 'yan ajin Natsume biyu sun kira sunanta, na ji da kunnena. Ita ta ce ba ta ji ba.

Sun ƙare na shida cikin tara. Shugaban makaranta ya zo yana cewa kowa ya yi nasara yau. Kazuha ta dube shi ta ce, “A'a. Na shida muka zo.” Ta yi kuka a mota, ta ƙi yi wa Natsume magana, ta ƙi cin abincin da na yi mata. Ban taɓa ganin ta so wani abu har ya ƙona ta haka ba. Na rasa ko in lallashe ta ko in yi murna.

Ranar Litinin bakwai da kwata ta sa takalmi ta hau tudu zuwa gidan su Natsume.

Ta ce ita ma za ta rubuta maka. Kwana biyu ta yi a kai, ban gyara mata ko harafi ba. Ga shi a ciki.

Yayarka,
Tomie

Baba,

Ina lafiya. Kana lafiya? Mun zo na shida. Na ji haushi. Natsume ba ta da sauri amma tana ƙoƙari. Ni ma na yi laifi na bar ta. Malama ta ce baɗi za a sake a watan goma. Goggo ta ce watan goma kana teku kullum. Ka gaya wa mai jirgin.

Kazuha

*

A teku, 30 ga Nuwamba

Kazuha,

Ina lafiya. Wasiƙarki ta zo a jirgin mai, na karanta wa duk mutanen ɗakin inji. Sun ce na shida ba daɗi, gaskiyarki. Ki gaishe da Goggo, ki gaishe da Natsume, ki ce ta riƙa cin abinci sosai.

Na gaya wa mai jirgin. Ya ce in na sauka a watan tara, jirgi ba zai jira ni ba, zai ba wani aikina.

Na ce to, ya ba shi.

Baba